Darasi: Ziyarar Garin Westport da Karkararsa a Ƙasar Ailan

MANUFOFIN DARASI

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran ɗalibi zai iya:

1. nuna ƙasar Ailan da garin Westport a taswira;
2. bayyana ma'anar garin kasuwa da yadda yake dogara da karkararsa;
3. faɗin abin da ya sa yankin yake da yawan ruwan sama, ciyawa da tsibirai;
4. ba da labarin Babbar Yunwa da alamun da ta bari a ƙasa;
5. lissafa lokaci, nisa da kuɗin guzuri kafin tafiya.

GABATARWA

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Sai dai ba kowane matafiyi ke komowa da ilimin ba. Wanda yake ƙaruwa shi ne mai tambayar dalilin abin da idonsa ya gani: me ya sa aka kafa gari a nan, me mutanensa suke ci, me ya sa wancan kango ya zama kango. Za mu ɗauki gari guda a bakin teku, wato Westport, mu bi shi da irin waɗannan tambayoyi. Wanda ya iya karanta wannan gari zai iya karanta nasa.

1. INA WESTPORT YAKE?

Ailan tsibiri ne a yammacin Turai, yamma da Birtaniya. Ya kasu gida biyu. Kaso mafi girma shi ne Jamhuriyar Ailan, ƙasa mai cin gashin kanta, babban birninta Dublin, kuɗinta Yuro, kuma tana cikin Tarayyar Turai. Ƙaramin kason, Ailan ta Arewa, yana ƙarƙashin Birtaniya.

Westport yana gundumar Mayo, a gaɓar yamma ta Jamhuriyar, bakin Tekun Atlantika. Ƙaramin gari ne, domin a ƙidayar 2022 mutanensa ba su cika 7,000 ba. Daga Dublin ana shiga jirgin ƙasa a tashar Heuston, tafiyar awa uku da ɗoriya. Jirgin zai haye kogin Shannon a garin Athlone, wanda shi ne kogi mafi tsawo a tsibirin, ya bi ta Ballyhaunis da Castlebar, ya tsaya a Westport, tashar ƙarshe. Mai leƙen taga zai lura gonaki suna ƙara ƙanƙancewa, katangun duwatsu suna ƙaruwa, yayin da ake nausawa yamma.

AKWATI NA 1: MUHIMMAN KALMOMI
Tsibiri: ƙasar da ruwa ya kewaye ta ta kowane gefe.
Gaɓar teku: inda ƙasa ta haɗu da teku.
Mashigin teku: wurin da teku ya kutso cikin ƙasa, ƙasa ta kewaye shi ta gefe uku.
Gunduma: yankin mulki na ƙaramar hukuma. Jamhuriyar Ailan tana da gundumomi 26 na gargajiya.

2. GARIN KASUWA

Garin kasuwa shi ne garin da ya rayu saboda manoma da makiyayan kewaye suna kawo kayansu su sayar, su sayi abin da ba sa samu a ƙauye. Ƙauye na ba gari abinci, gari na ba ƙauye kuɗi da kayan masarufi. Idan ɗaya ya raunana, ɗayan ma zai ji a jikinsa.

Yawancin garuruwa sukan tsiro ne sannu a hankali, amma Westport tsara shi aka yi. Asalin ƙauyen yana dab da gidan iyalan Browne, masu mallakar filaye a yankin. Wannan katafaren gida, Westport House, an gina shi a shekarun 1730. Daga shekarun 1760 sai iyalan suka ɗauke ƙauyen daga ƙofar gidansu, suka yanka sabon gari can gaba kaɗan, da tituna masu faɗi da filin kasuwa.

Har yau ana ganin wannan tsari. A tsakiyar gari akwai fili mai kusurwa takwas da ake kira Octagon, inda kasuwa take ci a da. Titin Bridge yana gangarowa daga hasumiyar agogo zuwa kogi, shaguna jere hagu da dama, kowane da fentinsa: ja, shuɗi, ruwan ɗorawa, sunan mai shago a rubuce bisa ƙofa. A ƙasan titin, kogin Carrowbeg yana gudana cikin miƙaƙƙiyar hanya da aka yi masa da katangun dutse, bishiyoyi a gefe da gefe, gadojin dutse suna haye shi. Wannan wuri shi ne Mall. Kimanin kilomita biyu daga nan akwai tsohuwar tashar jiragen ruwa, inda ake fitar da hatsi zuwa ƙasashen waje a da. Manyan ɗakunan ajiyar dutse na wancan zamani yanzu sun koma masauki da gidajen abinci.

Cinikin dabbobi ma ya sauya. A da a kan titi ake yin sa ranar kasuwa. Yanzu ana kai shanu da tumaki wata rufaffiyar kasuwa da suke kira mart, a auna su a sikeli, a yi gwanjonsu a gaban masu saye. Kowace saniya tana da lamba a maƙale a kunnenta, kuma hukuma tana da rajistar inda aka haife ta da hannun da ta bi.

Garin bai tsaya ga noma kaɗai ba. Kamfanin magunguna na Allergan ya buɗe masana'anta a nan a 1977, kuma a cikinta ake haɗa maganin Botox da ake sayarwa a duniya. Yanzu kamfanin AbbVie ne ke riƙe da ita. Sai kuma baƙi masu yawon buɗe ido, waɗanda tsabtar garin take cikin abin da ke jawo su. Westport ya ci gasar tsabtar garuruwa ta ƙasa baki ɗaya a 2001 da 2006 da 2008. Mazauna garin ne, a matsayin 'yan sa-kai, suke tsince shara, su shuka furanni, su yi fenti.

AKWATI NA 2: MUHIMMAN KALMOMI
Garin kasuwa: garin da karkarar kewaye take kawo amfaninta ta sayar.
Tsararren gari: garin da aka zana taswirarsa kafin a gina shi.
Gwanjo: ciniki a bainar jama'a, inda wanda ya fi taya kaya shi ke ɗauka.

3. RUWA, ISKA DA ƘANƘARA

Abin da baƙo zai fara lura da shi shi ne ciyawa kore shar ko'ina, a kowane wata na shekara. Dalili shi ne babu rani irin wanda muka sani. Iska tana tasowa daga Tekun Atlantika ɗauke da laima, ta ci karo da duwatsun Mayo, ta zubar da ruwa. A wasu sassan yammacin Ailan ana samun ruwan sama a kwana kusan 225 cikin shekara. Sau da yawa yayyafi ne, ya sauka, ya ɗauke, rana ta leƙo, ya sake dawowa.

Duk da ƙasar tana can arewa sosai, sanyinta bai kai na wasu ƙasashen da suke layi ɗaya da ita ba. Wani ruwa mai ɗumi da ke tafiya cikin teku daga wajen Amurka shi ke sassauta shi. A Janairu matsakaicin ma'aunin zafi yana tsakanin digiri 4 zuwa 7, a Yuli kuma 14 zuwa 16. Tsawon yini ma yana sauyawa ƙwarai: kusan awa 17 na haske a ƙarshen Yuni, awa bakwai da rabi a ƙarshen Disamba.

Gaban garin akwai mashigin teku mai suna Clew Bay, cike da ƙananan tsibirai. Mutanen wurin sukan ce 365 ne, ɗaya ga kowace rana ta shekara, amma wannan zancen baka ne, ainihin adadin bai kai haka ba. Yadda aka yi suka samu shi ne: dubban shekaru da suka wuce ƙanƙara mai kauri ta lulluɓe ƙasar, tana jan jiki a hankali, tana tura laka da tsakuwa. Da ta narke, sama da shekara 10,000 da suka wuce, sai ta bar dogayen tuddai masu sulɓi da ake kira dramlin. Teku ya cika ya shanye ƙasan tuddan, kawunansu suka zama tsibirai.

AKWATI NA 3: MUHIMMAN KALMOMI
Dramlin: dogon tudun laka da tsakuwa da ƙanƙara mai tafiya ta bari.
Cika da janyewar teku: hawa da saukar ruwan teku, kusan sau biyu kowace rana.
Bog: jiƙaƙƙiyar ƙasa baƙa wadda ta samu daga tsirran da suka mutu ba su gama ruɓewa ba.

4. ABIN DA KARKARA TAKE SAMARWA

Ƙasa mai yawan ruwa da duwatsu ba ta dace da noman hatsi sosai ba, amma ta dace da ciyawa. Saboda haka kiwo ne babbar sana'a. A kwari ana kiwon shanu cikin gonakin da aka kange da duwatsu. Waɗannan duwatsu daga cikin gonar aka tsince su, aka jera su ba siminti, iska tana wucewa ta kafofinsu ba ta ture su ba. A kan tsaunuka kuwa tumaki ne masu baƙar fuska da murɗaɗɗun ƙaho. Makiyaya da yawa sukan yi tarayya a tsauni guda, don haka kowa yana shafa wa tumakinsa fenti a gadon baya, wani ja wani shuɗi, domin ya gane nasa. Kare ne yake tattaro su, makiyayi yana ba shi umarni da fito.

Itace ya yi ƙaranci a yankin, shi ya sa tun da daɗewa mutane suke samun makamashi daga bog. Ana yanko baƙar ƙasar gunduwa-gunduwa kamar tubali, a shanya, a jingina su da juna su sha iska, in sun bushe a kwashe zuwa gida. Suna kiranta turf, kuma hayaƙinta yana da ƙamshi na daban da baƙo zai ji a ƙauyuka da yamma. A yau hukuma ta taƙaita sayar da ita, saboda hayaƙin yana gurɓata iska, kuma bog ɗin da aka yanke yana ɗaukar ɗaruruwan shekaru kafin ya farfaɗo. A arewacin mashigin Clew Bay an keɓe wani babban yanki na bog da tsaunuka a matsayin gandun ƙasa tun 1998, wanda yanzu ake kira Wild Nephin.

Teku ma yana ciyar da jama'a. Ana kama kifi da ƙaguwa, ana kiwon dabbobin ruwa masu ɓawo a jikin igiyoyi da cikin raga. A da manoman bakin teku sukan kwaso ciyawar teku su zuba a gona a matsayin taki.

5. TARIHIN DA KE RUBUCE A ƘASA

Tsaunin Croagh Patrick. Kimanin kilomita 8 yamma da gari akwai tsauni mai tsini, tsayinsa mita 764. Kiristocin Ailan sun yi imani cewa Patrick, wanda ya yaɗa addinin Kirista a tsibirin, ya yi azumin kwana 40 a ƙolinsa a shekara ta 441. Akwai ƙaramin coci a saman, wanda aka gina a 1905. Ranar Lahadin ƙarshe ta watan Yuli dubban masu ibada sukan hau, wasu ba takalmi. An gano zinariya a tsaunin a shekarun 1980, amma majalisar gundumar Mayo ta hana haƙar ta. Sunan Patrick sananne ne a Najeriya, domin limaman mishan 'yan Ailan sun buɗe makarantu da asibitoci da yawa a ƙasar.

Grace O'Malley. A bakin mashigin Clew Bay akwai tsibirin Clare, mazaunin wannan mace da ta shugabanci jiragen ruwa da mayaƙa a ƙarni na 16. A 1593 ta je har Ingila ta gana da Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, ta nemi a sako ɗanta da aka tsare, kuma aka sako shi.

Babbar Yunwa. Wannan shi ne babin da ya kamata kowane baƙo ya sani. Kafin 1845 talakawan Mayo ba su mallaki gonakin da suke nomawa ba, haya suke biya ga masu filaye. Hatsi da dabbobi na biyan haya ne, abincin gida kuwa dankalin Turawa ne safe da dare, irin wanda ake nomawa a Filato. A 1845 wata cuta ta faɗa wa dankalin, yana ruɓewa tun a cikin ƙasa, ta kuma maimaita shekara bayan shekara. Tsakanin 1845 da 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu saboda yunwa da cututtuka, wasu kimanin miliyan ɗaya suka yi hijira, akasari zuwa Amurka, Kanada da Birtaniya. Duk wannan lokaci ana ci gaba da fitar da abinci daga tashoshin Ailan, kuma agajin gwamnatin Birtaniya, mai mulkin tsibirin a lokacin, ya gaza ƙwarai. Taimako ya zo daga nesa: Sarkin Daular Usmaniyya, Abdulmajid, ya aika da fam 1,000 a 1847.

Alamun suna nan. A gefen tsaunuka za ku ga layukan tsofaffin kunyoyin dankali da ciyawa ta rufe, a wuraren da yau ba mai noma. A ƙauyen Murrisk, gindin Croagh Patrick, akwai abin tunawa na ƙasa: jirgin ruwa na tagulla da siffofin ƙasusuwan mutane a jikin igiyoyinsa, aikin John Behan, wanda Shugabar Ƙasa Mary Robinson ta buɗe a 1997. A kwarin Doolough kuma akwai dutsen tunawa da mayunwatan da suka taka daga Louisburgh a watan Maris na 1849 neman agaji, da dama suka mutu a hanya.

Darasin a fili yake. Cuta ce ta kashe dankali, amma dogaro da amfanin gona iri ɗaya, da rashin mallakar ƙasa, da sakacin masu mulki su ne suka mai da annoba yunwa. Shi ya sa ba abin mamaki ba ne da gwagwarmayar manoma ta neman mallakar gonakinsu ta tashi daga Mayo a 1879, ƙarƙashin Michael Davitt, ɗan gundumar.

AKWATI NA 4: MUHIMMAN KALMOMI
Manomin haya: mai noma gonar wani yana biyan kuɗi ko amfani.
Hijira: barin ƙasa zuwa wata domin neman tsira ko abinci.
Abin tunawa: gini ko sassaƙa da aka kafa don kada a manta da wani al'amari.

6. SHIRI DA LADUBBAN BAƘO

Ɗan Najeriya ko Nijar yana buƙatar bizar Ailan ta kanta, domin bizar Shengen, wadda ake shiga yawancin ƙasashen Turai da ita, ba ta aiki a can. Motoci suna bin hannun hagu, saboda haka ku fara duba dama kafin ku tsallaka titi. Ku riƙe rigar ruwa da takalmi mai ƙarfi ko da gari ya waye da rana. Gonaki mallakar mutane ne: a nemi izini kafin a shiga, a kuma rufe ƙofar shinge bayan an wuce. A bakin teku a tambayi lokacin cikar ruwa. Lambar neman agajin gaggawa ita ce 112 ko 999.

Musulmi ya tambayi abin da ke cikin abinci, domin karin kumallon gargajiya yana ɗauke da naman alade. Kifi, ƙwai, dankali da burodi suna nan wadatacce. Akwai masallaci a Ballyhaunis, kan hanyar jirgin ƙasa, wanda aka gina a ƙarshen shekarun 1980. A watan Yuni Magariba takan wuce ƙarfe goma na dare, don haka a nemi jadawalin sallah na wurin.

MISALAI NA AIKI

Misali na 1: Lokaci. Daga Lahadin ƙarshe ta Maris zuwa Lahadin ƙarshe ta Oktoba, agogon Ailan daidai yake da na Najeriya da Nijar. Sauran watanni Ailan tana baya da awa ɗaya. Malama Hadiza tana Westport a watan Disamba, tana so ta kira mahaifiyarta a Zariya da ƙarfe 8:00 na dare agogon Zariya. Lissafi: 8:00 a cire awa 1, saura 7:00. Za ta kira da ƙarfe 7:00 agogon Westport.

Misali na 2: Nisa. An mai da tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka rufe a 1937 hanyar keke da ƙafa, mai suna Great Western Greenway. Daga Westport zuwa Newport kilomita 11, zuwa Mulranny ƙarin 18, zuwa mashigar tsibirin Achill ƙarin 13. Jimla: 11 + 18 + 13 = 42. Mai keken da ke cin kilomita 12 a awa zai yi 42 ÷ 12 = awa 3 da rabi, ban da hutu.

Misali na 3: Guzuri. Mu ƙaddara masauki Yuro 90 ne a dare, abinci Yuro 35 a rana, hayar keke Yuro 25 sau ɗaya. Kwana uku: 90 × 3 = 270, sai 35 × 3 = 105. Jimla: 270 + 105 + 25 = Yuro 400. A ƙara kashi 10 cikin 100 saboda larura, wato 40, ya zama Yuro 440. Waɗannan farashi na koyon lissafi ne, a binciki na gaskiya kafin tafiya.

Misali na 4: Yawan jama'a. Mutanen Mayo sun kai kimanin 388,000 a 1841, suka koma kimanin 274,000 a 1851. Ragi: 388,000 − 274,000 = 114,000. A raba 114,000 da 388,000, a ninka da 100, za a samu kusan 29. Wato cikin kowane mutum 100, kusan 29 sun mutu ko sun bar gundumar cikin shekara goma.

TAMBAYOYIN BITA

1. Mene ne bambancin Jamhuriyar Ailan da Ailan ta Arewa?
2. Bayyana ma'anar garin kasuwa, ka kawo alamu biyu da ke nuna an tsara Westport.
3. Me ya sa ciyawa ba ta bushewa a Mayo?
4. Yaya tsibiran Clew Bay suka samu?
5. Don me makiyaya suke shafa wa tumaki fenti?
6. Kawo dalilai uku da suka sa cutar dankali ta zama yunwa.
7. A ƙidayar 2022 mutanen Mayo kimanin 138,000 ne. Da nawa suka gaza adadin 1841?
8. Idan ƙarfe 2:00 na rana ne a Maraɗi a watan Yuli, ƙarfe nawa ne a Westport? A watan Janairu fa?
9. Mai tafiya a ƙafa yana cin kilomita 4 a awa. Awa nawa zai yi daga Newport zuwa Mulranny?

AIKIN GIDA

Ku je kasuwar da ta fi kusa da ku ranar da take ci. Ku rubuta kaya biyar da aka kawo daga ƙauye da kaya biyar da mutanen ƙauye suke saya su koma da su. Sannan ku sami dattijo ko dattijuwa ku tambaye su yadda aka kafa kasuwar, da wata shekarar yunwa da suka gani ko suka ji labarinta, da abin da mutane suka ci suka rayu. Ku rubuta amsar cikin shafi ɗaya, ku zo da ita aji mako mai zuwa domin mu karanta tare.